Ibadar gida: Yadda Kiristocin kudancin Sakkwato ke rainon 'ya'yansu cikin bangaskiya

Boɗinga da Shagari ƙananan hukumomi ne a kudu da birnin Sakkwato, kan hanyar Jega. Musulmi ne mafiya rinjaye a cikinsu, kuma tarihinsu na haɗe da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya zauna a Sifawa ta ƙasar Boɗinga kafin ya koma Sakkwato. Kiristocin yankin tsiraru ne, kuma da yawansu aiki, kasuwanci ko hidimar ƙasa ne ya kai su. Inda majami'a ta yi nisa, gida ne ke ɗaukar nauyin koyar da addini.

Asalin lamarin

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Lugga ya yi alkawarin gwamnatinsa ba za ta tsoma baki cikin addinin jama'a ba. Saboda haka aka daɗe ana taƙaita shigar mishan cikin masarautu. Ƙungiyar SIM, wadda ta iso Najeriya a 1893, ta samu ƙofa ne ta hanyar jinyar kutare a shekarun 1930, ciki har da asibitin Amanawa da ke kusa da Sakkwato. Daga SIM ne ECWA ta fito a 1954. Ɗarikar Katolika kuwa ta samu cikakken dayosis a Sakkwato a 1964, wanda Bishop Matthew Hassan Kukah ke jagoranta tun 2011.

Abin da ya fi ƙarfafa ibadar gida shi ne fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Daga nan magidanci ya iya karanta wa iyalinsa nassi ba tare da jiran fasto ba.

Yadda ake gudanar da ita

A al'adar Kiristocin Arewa, iyali kan taru da asuba ko bayan cin abincin dare. A rera waƙa, a karanta 'yan ayoyi, uba ko uwa su yi bayani, sannan a rufe da addu'a. Yara kan haddace Addu'ar Ubangiji da Dokoki Goma. Mata ne ƙashin bayan wannan tarbiyya, kuma ƙungiyar Zumuntar Mata na ƙarfafa su. A makarantun sakandare, ƙungiyar ɗalibai ta FCS, wadda aka kafa a Gindiri a 1957, kan ɗora daga inda iyaye suka tsaya.

Abin da doka ta tanada

Jihar Sakkwato na cikin jihohin da suka faɗaɗa Shari'a bayan dawowar mulkin farar hula a 1999, amma hukuncinta Musulmi ya shafa. Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin yin addininsa, shi kaɗai ko cikin jama'a, a fili ko a keɓe. Ya kuma hana tilasta wa ɗalibi darasin addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba.

Duk da haka, shugabannin Kiristoci a Arewa sun daɗe suna kokawa kan ƙarancin malaman darasin addinin Kirista a makarantun gwamnati, da wahalar samun filin gina majami'a. Muddin wannan giɓi na nan, iyaye ne za su ci gaba da cike shi. Yaron da aka raina a haka yana tashi da addininsa a gida, yana kuma zama aji ɗaya da 'ya'yan maƙwabtansa Musulmi.