Adon Bango a Masallatan Hausa: Daga Zariya zuwa Agege

Da wuya a sami al'ummar da ta gina wurin ibada ta bar bangonsa ba ado. Misirawan dauri sun sassaƙe duwatsun ɗakunan bautarsu da siffofin gumaka da na Fir'aunoni, suka jera rubutun hoto a gefensu, sannan suka bi da launi. A babban zauren Karnak kaɗai akwai ginshiƙai 134, kawunansu da siffar tsiron fafirus na bakin kogin Nilu. Magini Bahaushe kuwa da ƙasa ya yi aiki, kuma addininsa bai yarje masa sanya surar abu mai rai a masallaci ba. Wannan maƙala za ta dubi abin da ya yi a cikin waɗannan iyakoki biyu, da abin da ya sami fasahar tasa yayin da Hausawa suka yi ƙaura zuwa kudu.

Misalin da ya fi kowane shahara shi ne Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda aka gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834 zuwa 1846). Maginin shi ne Muhammadu Durugu, wanda wasu ke kira Malam Mika'ilu, aka fi saninsa da laƙabin Babban Gwani. Da tubali ya tayar da bango, ya ɗaure bakan gizo da azarar giginya, ya ɗora tulluwa a kansu. Adon kuma a jikin ginin kansa yake. Tun ƙasa tana ɗanya ake danna ta da yatsu, a fitar da layuka masu zurfi da da'irori da kusurwoyi, su bi ginshiƙi daga ƙasa su haura tare da bakan gizo har su haɗu a tsakiyar tulluwa. Da yake hasken da ke shiga ɗakin kaɗan ne, inuwar da ke kwanciya cikin waɗannan gurabu ita ke yin aikin da launi ya yi a Karnak. Wannan dabara ta fi dacewa da masallaci, domin ba ta ɗauke hankalin mai salla. Ruwayar baka ta ce Sarkin Birnin Gwari ya sa an kashe Babban Gwani bayan ya gina masa masallaci, don kada ya gina wa wani irinsa. Ana ba da irin wannan labari game da gwanayen gini a ƙasashe da dama, saboda haka ya kamata a karɓe shi da hattara.

Kayan aikin ma abin lura ne ga mai nazarin harshe. Makuba daga kwasfar ɗorawa ake samun ta, a shafe bango da ita don kare shi daga ruwa. Katsi daga karofi yake fitowa, a haɗa shi da gashin jima da dafara a sami laso. Ke nan magini bai gama aikinsa sai da hannun marini da majemi, kuma mutuwar sana'a ɗaya tana jan kalmomin sauran.

A nan ne bambanci da Masar ya fi fitowa. Sassaƙar dutse tana iya shekara dubu uku ba mai kula da ita, amma zanen ƙasa sai an riƙa bin sa da gyara bayan damina. Abin da ke riƙe da shi ilimi ne da uba ke miƙa wa ɗa a ƙarƙashin Sarkin Magina. A shekarun 1970 aka lulluɓe masallacin Zariya da sabon gini na siminti, aka bar wani sashe na tsohon a ciki. Z. R. Dmochowski ya auna shi, an kuma gina kwaikwayonsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos.

A ƙarni na ashirin ado ya ƙara fitowa waje, ya hau fuskar zaurukan attajirai. Siminti ya shigo, aka fara ganin keke da mota da jirgin sama a bango, kusa da dagi da takobi.

Sai dai wannan fasaha ba ta bi Hausawa zuwa Ikko ba. Fataucin goro da layin dogo, wanda ya isa Kano a 1911, su suka bunƙasa zangon Hausawa a Agege. Baƙin sun tarar da ruwan sama mai yawa wanda bangon ƙasa mai zane ba ya jure wa, sun kuma tarar da wani salon ado ya riga ya kafu: na ’yantattun bayi da suka komo daga Burazil, irin wanda ake gani a Masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894. Saboda haka masallatan zango suka koma ga bulo da kwano da fenti. Dagi dai ya isa Agege, amma a jikin babbar riga da hula, ta hannun maɗinka. Kalmomin laso da katsi da makuba suna nan a ƙamusun Bargery na 1934, amma ga yaron da ya tashi a Agege, bakan gizo abin da ke fitowa a sama ne bayan an ɗauke ruwa.