Wa Ya Ƙirga Shekarun Bagauda?

Littattafan makaranta sun koya mana cewa Bagauda, sarkin Kano na farko, ya hau gado a 999, ya rasu a 1063. To, wa ya rubuta waɗannan shekaru?

Bakin zaren yana cikin littafin Tarihin Kano na Larabci, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908. Littafin ya jero sarakuna 48, tun daga Bagauda har Muhammadu Bello, yana faɗin daɗewar kowanne a kan gado. Palmer ne ya riƙa ɗebe waɗannan shekaru yana komawa baya, har lissafi ya kai shi 389 bayan Hijira, wato 999 a ƙirgen Miladiyya. An ba Bagauda shekara 66, waɗanda a ƙirgen Miladiyya suka koma 64. Ke nan in maroƙi ya ƙara wa wani sarki shekara goma, 999 ta gusa. John Hunwick ma yana ganin a zamanin Bello aka tsara littafin, wato kusan ƙarni tara bayan Bagauda.

Asalinsa ma baki bai zo ɗaya ba. Daurawa sun ce ɗan Bawo ne, jikan Bayajidda, ɗan'uwan Kumayau na Katsina da Gunguma na Zazzau. Tarihin Kano ya ce sunansa Dauda, uwarsa Kaunasu, ya zo da runduna ya zauna a Sheme. Waƙar Bagauda kuwa, wadda Mervyn Hiskett ya nazarta, maharbi ta nuna shi, mai saran daji.

Abin da ƙasa ta adana ya girmi duk ruwayoyin nan. Burbushin narka tama da aka tono a Dutsen Dala ya kai ƙarni na 7. Tarihin Kano kansa ya ce mutanen Barbushe suna bautar Tsumburbura a can kafin baƙi su iso, kuma sai zamanin Gijimasu, jikan Bagauda, aka soma gina ganuwa.

Ashe Bagauda bai kafa Kano ba, gidan sarauta ya kafa a kan mutanen da ya tarar. Jingina shi da Bayajidda kuwa, Abdullahi Smith ya yi shakkar tsufan labarin. Amfaninsa dai a fili yake: ya mayar da sarakunan Hausa Bakwai 'yan gida ɗaya, kowa da hujjar gadonsa.