Katanga da Mugun Kare: Alhakin Maƙwabci Tsakanin Dokar Aljeriya da Fiƙihun Malikiyya a Tamanrasset

Tsakure

Wannan maƙala ta gwama dokar mu'amala ta Aljeriya da fiƙihun Malikiyya a kan wanda ke ɗaukar nauyin katangar iyaka da wanda ke biyan diyya idan kare ya yi cizo. Ta nuna cewa inda suka raba hanya shi ne gargaɗi: fiƙihu yana jiran a ja wa mai kare kunne, doka kuwa ba ta jira.

Gabatarwa

Tamanrasset, babban birnin yankin Ahaggar, tana kan hanyar da ta ratsa In Gezam da Asamaka zuwa Arlit da Agadas. Ta wannan hanya Hausawan Damagaram, Maraɗi da Tawa suke shigowa, suna kama haya a unguwanni irin su Tahaggart da Gat'al Wad. Da fahimtar gida suke zuwa: rikicin maƙwabta na dattawa ne da malamai. Alƙali kuwa da Dokar Mu'amala mai lamba 75-58 ta 26 ga Satumba, 1975 yake aiki, kuma sashenta na 1 bai ba shi damar komawa ga ƙa'idojin Shari'a ba sai inda doka ta yi shiru.

Katanga

A kan katanga dokar ba ta yi shiru ba. Sashe na 703 ya ba mai fili ikon tilasta maƙwabcinsa su kafa alamar iyaka, su raba kuɗin. Sashe na 704 ya ɗora gyaran katangar tarayya a kan masu ita, kowa gwargwadon rabonsa. Sai sashe na 708 ya zo da abin da ke ba mutane mamaki: ba mai tilasta maƙwabci ya kewaye filinsa, amma mai katanga ba zai rushe ta ba tare da dalili mai ƙarfi ba idan ita ce ke suturta gidan maƙwabcinsa. Ke nan wanda kare ke tsallako masa ba shi da hujjar cewa a gina masa katanga. Hujjarsa tana kan karen, ko kuwa a sashe na 691, wanda ya hana cutarwar da ta wuce abin da maƙwabtaka ta saba jurewa.

Kare

Sashe na 139 ya ɗora alhaki a kan wanda dabba ke hannunsa, ko da ba tasa ba ce, ko da ta ɓata ko ta kuɓuce, sai fa in ya tabbatar cewa sababin ya fito daga wani wuri da ba za a jingina masa ba. Tushen hukuncin yana tsohon sashe na 1385 na dokar mu'amala ta Faransa, wanda ya koma na 1243 a 2016. Ba a tambayar ko karen ya taɓa cizo, ba a tambayar ko an taɓa kai ƙara. Ga ɗan haya wannan babbar magana ce. Katangar mai gida ce ta ɓule, amma karen na ɗan hayar ne, don haka shi za a fara nema. Cewa ya sha faɗa wa mai gida ya toshe kafar da wuya ta fid da shi.

Malikiyya ta bi wata hanya. A Mudawwana an bambanta karen da aka ajiye inda aka yarda, wato don kiwo, gona ko farauta, da wanda aka ajiye inda ba a yarda ba. Mai na farko ba ya biya sai in an riga an gargaɗe shi ya yi kunnen uwar shegu. Mai na biyu yana biya. Muhtasar na Halil ya auna katangar da ta karkata da wannan mudu: in an gargaɗi mai ita, yana da halin gyara ya ƙi, to ɓarnar faɗuwarta tana wuyansa. Kare da katanga a fiƙihu ƙa'ida ɗaya ce ta ɗaure su, shi ya sa malami ke fara tambayar wanda aka ciza: ka taɓa yi masa magana gaban shaidu?

Karen gadin gida ne ya rage a tsakiya. Masu sharhin Risala sun ruwaito cewa marubucinta, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa ra'ayin Imamu Malik na ƙin ajiye kare a gida sai ya kafa hujja da sauyin zamani. (Abin lura, shi ma katanga ce ta jawo kare.) In aka bi shi, karen gadi ya shiga sahun waɗanda aka yarda da su, gargaɗi ya zama sharaɗi.

A ganina doka ta fi kare yaron da aka ciza, domin ba shi aka ɗora wa neman shaidu ba, ga kuma fargabar haukan kare, cutar da har yanzu ba ta ƙare a Aljeriya ba. Sai dai baƙon da ba shi da takardar zama ba ya kusantar kotu ko ofishin 'yan sanda, tsoron kada a kwashe shi zuwa Asamaka. Shari'arsa a zauren dattijo take ƙarewa, inda tambayar farko ita ce ta gargaɗi.