Ba a fafe gora ranar tafiya: asalin gardamar guraben jami'a a Najeriya

Duk shekara, da zarar hukumar JAMB ta fitar da sakamakon jarabawa, sai tsohuwar gardama ta farka. Wasu su ce zalunci ne ɗalibi mai maki da yawa ya rasa gurbi, wanda bai kai shi ba ya samu don kawai jiharsa tana cikin waɗanda aka bari a baya. Wasu kuma su ce ba don wannan rabo ba, da wasu yankuna sun rasa likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasarsu. Kowane ɓangare yana da abin kamawa, amma tarihi ya nuna cewa ramin da ake faɗa a kansa a ƙofar jami'a, tun daga firamare aka haƙa shi, kuma can ne za a iya cike shi.

A 1859 'yan mishan suka buɗe makarantar sakandare ta CMS a Legas. A Arewa kuwa, bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, Turawa sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba, suka taƙaita shigar mishan cikin masarautun Musulmi, amma ba su zuba kuɗi sun gina isassun makarantun gwamnati da za su maye gurbin na mishan ba. Makarantar da Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 ta ɗauki 'yan kaɗan ne, yawancinsu 'ya'yan sarakuna da malamai. Kwalejin Katsina, wadda ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello, sai a 1922 aka yi bikin buɗe ta, shekara 63 bayan ta Legas. Ba ilimi Arewa ta rasa ba, domin makarantun allo da zaurukan malamai sun daɗe da kafuwa. Sabon tsarin ne bai ba wannan ilimi hanyar zuwa takardar shaida ba. Don haka da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, 'yan Arewa a cikinta ba su taka kara sun karya ba. Tazarar ta ƙara faɗi a 1955, lokacin da gwamnatin Obafemi Awolowo ta fara ba da ilimin firamare kyauta a Yankin Yamma.

Matakan da suka biyo bayan 'yancin kai duk ƙoƙarin cike wannan tazara ne. An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, amma ɗaliban yankin da suka cika sharuɗɗan shiga ba su da yawa, abin da ya sa daga baya ta buɗe makarantar share fage don shirya su. A 1976 gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE na firamare ga kowa, sai dai yara sun cika azuzuwa kafin a tanadi isassun ƙwararrun malamai. Ita kanta JAMB dokar soja ta 1978 ce ta kafa ta, domin a da ɗalibi ɗaya yakan sami gurbi a jami'o'i da dama ya zaɓi guda, sauran guraben su tafi a banza. Tsarin mulkin 1979 ya kawo ƙa'idar raba daidai tsakanin sassan ƙasa, kuma a kan wannan ruhi aka gina rabon da jami'o'in tarayya suke bi: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga yankin da jami'a take, 20 ga jihohin da ke baya a ilimi.

Masu cewa a bar cancanta kaɗai ta yi hukunci suna da gaskiya cewa ƙoƙarin yaro bai kamata ya tafi a banza ba. Amma maki yana auna abu biyu ne a lokaci guda: kaifin ɗalibi da ingancin makarantar da ya fito. Yaron da ya gama sakandare ba tare da malamin lissafi ko ɗakin gwajin kimiyya ba, ƙarancin makinsa ba shaida ba ce ta ƙarancin basirarsa. Kuma kason jihohin da ke baya a ilimi ba kyauta ba ce ga Arewa ita kaɗai, tunda jihohin Kudu irin su Bayelsa da Ebonyi suna cikin jerin.

Sai dai masu kare rabon su ma akwai tambayar da ke jiransu. Gurbin da aka keɓe wa jiha, wanda ya kammala sakandare ne kawai zai iya nemansa. Almajiri da ɗan makiyayi da yarinyar da aka cire daga aji huɗu ba su ma isa wurin rabon ba. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko, bisa sharaɗin kowace jiha ta kawo nata kason, amma jihohi da dama sun sha barin kuɗin a ajiye don sun kasa cika sharaɗin. Wannan ba laifin Turawa ba ne, ba kuma laifin JAMB ba.

Rabon gurabe sanda ce ta dogarawa, kuma ƙwace ta yau zai kayar da wanda bai warke ba. Amma jihar da ta shafe shekara arba'in tana dogara da ita, wajibi ne ta nuna azuzuwa nawa ta gina da malamai nawa ta horar. Ranar da ɗan ƙauyen Yobe ko Zamfara zai ci gurbinsa daga kason cancanta, ranar ce wannan gardama za ta mutu.