Kundin Digirin Fei Xiaotong da Makomar Ƙananan Garuruwan Ƙasar Sin

Sau da yawa kundin digiri na uku, da zarar an kare shi a gaban malamai, sai ya koma kanta yana shan ƙura. Wannan maƙala za ta waiwayi tarihin wani kundi da bai yi irin wannan kwanciya ba, wato na Fei Xiaotong, masanin zamantakewar al'umma na ƙasar Sin, wanda ya rayu daga 1910 zuwa 2005. A kan ƙauye ɗaya tak aka rubuta shi, amma daga baya sai ga shi a tsakiyar muhawarar yadda za a gina biranen ƙasar.

Tsautsayi ne ya kai Fei wannan ƙauye. A ƙarshen 1935 yana bincike a duwatsun lardin Guangxi sai ya faɗa tarkon damisa, matarsa kuma ta rasu a hanyar nemo masa taimako. Da ya koma jinya a yankinsu na Wujiang cikin 1936, sai yayarsa Fei Dasheng ta kai shi Kaixiangong, wani ƙauye mai mutum kusan 1,500 a kudu da tafkin Tai, inda ta taimaka wa manoma suka kafa masana'antar zaren siliki ta haɗin gwiwa tun 1929. Bayanan da ya tattara a nan su ya tafi da su Landan, ya rubuta kundinsa a ƙarƙashin Bronislaw Malinowski, ya kammala a 1938. A 1939 aka buga shi da sunan Peasant Life in China.

Abin da ya gano shi ne, gonar shinkafa ita kaɗai ba ta riƙe gida a wannan yanki, domin ƙasa ta yi kaɗan, bakuna sun yi yawa. Kiwon tsutsar siliki da kaɗin zare su ke cike giɓin. Da silikin inji na Japan ya karya farashi a kasuwar duniya, sai manomi ya shiga bashi, daga bashi kuma gonarsa ta suɓuce zuwa hannun masu kuɗin birni.

Akwai kuma batun jiragen aike. Kowace safiya ƙananan jiragen ruwa kan tashi daga ƙauyen zuwa garin Zhenze ɗauke da saƙonnin gidaje, wannan na son mai, wancan gishiri. Mai jirgi ba ya karɓar ladan aike a hannun ɗan ƙauye, sai dai ya samu la'adarsa wajen masu kantuna, kuma shi ne dillalin shinkafa da siliki idan lokacin sayarwa ya zo. Duk wanda ya san zirga-zirgar ranar kasuwa tsakanin ƙauyukanmu da garin da suke ci, zai gane wannan tsari. A ganina nan ne ƙashin bayan kundin: gari yana rayuwa ne da ƙauyukan da ke kai masa, su kuma suna numfashi ta hanyarsa.

Bayan juyin juya halin 1949 abubuwa suka sauya. A 1952 aka soke darasin zamantakewa a jami'o'in ƙasar. A 1957 Fei ya koma Kaixiangong, ya rubuta cewa amfanin gona ya ƙaru amma aljihun manomi bai gani ba, saboda an yi watsi da sana'o'in gefe. A shekarar aka sa shi cikin jerin masu adawa da tafarkin jam'iyya, ya shafe kimanin shekara 20 ba ya aikinsa na bincike. Cikin wannan tsakani gwamnati ta karɓe cinikin hatsi, dokar rajistar gidaje ta 1958 kuma ta ɗaure manomi a ƙauyensa. Jiragen aike suka daina tashi, garuruwan kasuwa suka bushe.

Sai a 1979 aka farfaɗo da fannin, aka ba Fei shugabancin ƙungiyar masanansa. A 1983 ya gabatar da wani rahoto kan garuruwan Wujiang, inda ya nuna cewa ƙananan masana'antun karkara ne suka sake hura musu rai. Shawararsa ita ce a mai da waɗannan garuruwa tamkar madatsar ruwa, su tare miliyoyin manoman da gona ta sallama kafin su malale cikin Shanghai da ire-irenta. Manomi ya bar gona ya shiga masana'anta, amma ya kwana a yankinsu. Wannan ya zo daidai da manufar gwamnati ta 1980 ta taƙaita girman manyan birane, kuma a 1984 aka yarje wa manoma zama a ƙananan garuruwa muddin za su ci da kansu. Ma'aikatan masana'antun karkara suka tashi daga kimanin miliyan 28 a 1978 zuwa kimanin miliyan 135 a 1996.

To, amma madatsar ba ta riƙe ruwan duka ba. Abin da ya yiwu a Jiangsu, mai tsohuwar sana'ar siliki kuma maƙwabciyar Shanghai, bai yiwu a lardunan cikin ƙasa ba, don haka matasansu suka kwarara gaɓar teku. Shenzhen, wadda aka ware don gwajin tattalin arziki a 1980, ta wuce mutum miliyan 17 a ƙidayar 2020. A ƙarshen shekarun 1990 aka sayar wa 'yan kasuwa akasarin masana'antun karkara, dattin da suka riƙa zubarwa kuma ya taimaka wajen gurɓata tafkin Tai, har gansakuka ta hana mutanen Wuxi ruwan sha a 2007.

Fei ya ziyarci Kaixiangong fiye da sau 20 kafin rasuwarsa. Shekara 6 bayan nan, wato a 2011, mazauna birane suka haura rabin al'ummar ƙasar, alhali a 1978 ba su kai kashi 20 cikin 100 ba. A 2012 kuwa aka haɗe Wujiang, da garuruwanta da ƙauyukanta, cikin birnin Suzhou.