Hanin littattafan Larabci a zamanin Nasara da sawun da ya bari a ƙasar Gure

Ƙasar Gure, wadda garin Gamu ke cikinta, ita ce tsohuwar Muniyo, mai bin Barno kafin Damagaram ta rinjaye ta a ƙarni na 19. Karatun allo ya daɗe a nan. Littafi kuwa ta hanyoyi biyu yake isowa: ko dai almajiri ya kwafo shi da hannu daga wurin malaminsa, ko kuma fatake da alhazai su ɗauko bugagge daga Tarabulus da Masar.

Hanya ta biyu ce ta tsone wa Faransawa ido bayan sun ci Damagaram a 1899. Tsoronsu shi ne ɗariƙar Sanusiyya da labaran daular Turkawa. A 1911 gwamna janar na Afirka ta Yamma ta Faransa, William Ponty, ya fitar da takardar umurni mai hana amfani da Larabci cikin hukuncin kotunan ƙasa da wasiƙun mulki, ya kuma ce a sa ido kan littattafai da jaridu da hotunan da ke shigowa daga gabas, a tsare waɗanda ake tuhuma. Kumandan na riƙe da takardar bayani a kan sanannun malamai: inda suka yi karatu, almajiransu, har da littattafan da suka mallaka. Yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917, da kisan malamai da aka yi a Agadas bayansa, sun ƙara tsananta lamarin.

Sai dai hanin nan bugaggen littafi kaɗai yake iya kamawa, wanda ake bincikowa cikin kayan matafiyi. Ba shi da iko a kan tawada da alƙalamin kara. Littafin da ya tsallake bincike sau ɗaya ya isa: a kwafe shi, a karanta shi da dare a zaure, mutum guda na karantawa yana fassarawa da Hausa ko Barbarci, jama'a na saurare. Iyakar Nijeriya kuma kusa take, kasuwar Kurmi ta Kano ba ta rasa littattafai ba. Ta wannan kafa ce takardun jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari suka riƙa shigowa bayan an haramta ta a 1959, lokacin da riƙe irinsu kan kai mutum gidan kaso.

Ashe ba karatu aka kashe ba, raba shi aka yi gida biyu, kuma nan ne ɓarnar take. Larabci, wanda sarakunan Damagaram ke rubuta wasiƙunsu da shi, da kuma ajami, aka kore su daga ofis suka koma zaure. Baƙaƙen Nasara suka zama na haraji da sammaci da ɗaukar soja. Talaka ya koyi cewa mai mulki na tuhumar rubutun da ya sani, shi ma sai ya tuhumi rubutun mai mulki. Ɓoye yara daga lakwal, abin da rahotanni suka saba dangantawa da jahilcin iyaye, yana da saiwa a wannan tarihi.

Da aka kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci a 1963, sannan taron Bamako na 1966 ya tsayar da ƙa'idar rubuta Hausa da Barbarci da baƙaƙen boko, an gaji rabon nan ba tare da an bincike shi ba. Makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa, wadda aka buɗe a Damagaram a 1973, ita ma da boko ta soma. Malamin da ya kwafe Alƙur'ani da hannunsa, yake rubuta wasiƙa da lissafin bashi da ajami, takardar ƙidaya ta daɗe tana sa shi a layin waɗanda ba su iya karatu ba.