Daga Zauren Fatoma Zuwa Benen Zaranda

Duk wanda ya shigo Bauchi ta hanyar Jos ba zai kasa ganin dogon benen Otal ɗin Zaranda ba. Yaranmu suna wuce shi kamar kowane gini, alhali tarihinsa ya shafe mu, mu da iyayenmu suka zo garin nan da baƙunci har fatauci ya zaunar da su.

Tun da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu, ya kafa birnin nan a 1809, falke bai rasa wurin kwana ba. In ayari ya sauka, gidan fatoma ake nufa. Fatoma ya ba baƙo ɗaki, ya adana masa kaya, a kawo masa kunu da safe, tuwo da dare. Ba kuɗin ɗaki yake jira ba. Shi ke nemo mai saye, ya tsaya wa baƙo in cinikin bashi ne, sannan ya karɓi la'adarsa. Wato in baƙo bai ji daɗi ba, fatoma ne ya yi hasara.

Da Turawa suka ci Bauchi a 1902 sai suka zo da nasu salon, watau gidan saukar baƙi a bariki, da kuku da boyi, domin ma'aikatansu. Sannu a hankali baƙi suka ƙaru. Jirgin ƙasa ya iso a 1961, aka buɗe Yankari ga masu yawon buɗe ido a 1962. Ran 3 ga Fabrairu 1976 Janar Murtala ya ba mu jiha, Bauchi ta zama babban birni, jami'a kuma ta zo a 1980. To, ina za a sauke ministoci da 'yan kwangila? Wannan ya sa a zamanin Gwamna Abubakar Tatari Ali (1979 zuwa 1983), Allah Ya jiƙansa, gwamnati ta tsayar da wannan otal, aka sa masa sunan Dutsen Zaranda da ke yamma da gari. A lokacin, a ce wane ya kwana Zaranda ma labari ne a kasuwa.

Amma fa ginin kuɗin mai ne, kuma babban mai cinikinsa ita ce gwamnati. Farashin mai ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, soja suka karɓi mulki a ƙarshen 1983, shirin SAP na 1986 ya karya darajar naira. A 1996 aka cire Gombe, ma'aikata da yawa suka koma can. Bene irin wannan kuwa kullum cin kuɗi yake, ko da baƙo ko babu: ga janareta, ga famfo, ga albashi. Kowane ɗan kasuwa ya san shagon da ba idon mai shi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Otal ɗin Durbar na Kaduna, wanda aka gina saboda bikin FESTAC na 1977, haka ya zauna kango shekara da shekaru har aka rushe shi a 2020.

Yau baƙi da dama sun koma ƙananan gidajen kwana na cikin unguwanni, ɗaki goma ko sha biyu, a ba ka gado, da safe shayi da burodi. In mun duba, ai tsarin fatoma ne ya dawo. Sai dai ya dawo ba amana: ka biya, a miƙa maka makulli, ba wanda ya san ka balle ya tsaya maka.

Nan ne abin ya zo kanmu. Yaro ya taso daga Kano ko Katsina da ɗan jarinsa zai sayi kaya a Muda Lawal, kuɗin otal ya fi ribarsa, sai ya kwana a tasha da jaka ƙarƙashin kai. Iyayenmu ba haka aka karɓe su ba, addini kuma ya ba baƙo haƙƙin kwana uku. Ba bene muke nema ba. Ɗaki biyu da tabarma da buta, da dattijo guda mai kula, bai fi ƙarfin ƙungiyarmu ba. Muna roƙon shugabanni su sa maganar a taro mai zuwa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu gama lafiya, amin.